Tartsatsi Mai Walda da Ƙashin da Ya Ƙi Kamawa

Duk wanda ya taɓa bin layin da ke bayan kasuwa ya san shagon Tartsatsi, ko da bai san mai shagon ba. Tun daga kwana za ka fara jin kukan injin gurza ƙarfe, in ka matso kuma ka tarar da ƙofofi da tagogi jingine da bango, wasu an shafa musu jan fenti, wasu ko wanka ba a yi musu ba. A tsakiyarsu za ka ga wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, baƙin gilashi a goshi, karan sigari a gefen baki. To, shi ne. Sunan ya samo asali ne daga rigunansa, waɗanda babu guda ɗaya da wuta ba ta huda ba, amma da tafiya ta yi tafiya sai aka ga ya dace da halinsa ma, don kafin ka kai ƙarshen magana ya riga ya tashi.

Yana saurayi ya shiga sana'ar, a hannun wani tsohon maigida mai kurman kunne ɗaya wanda ba ya koyarwa da baki sai da harara. Abu biyu ya gada a wurin tsohon nan, walda da taba, kuma a haɗe ya karɓe su. Tsohon in ya gama haɗa ƙarfe, tun wurin yana ja, sai ya zaro kara ya ɗora bakin karan a kai ya zuƙa har ya kama. Tartsatsi ya riƙe wannan darasi fiye da duk abin da aka koya masa a makaranta. Shekara talatin da ɗoriya bai sayi ashana ba. Masu kawo aiki har sun gane kan abin: muddin ba ka ga hayaƙi ya tashi daga bakinsa ba, kada ka taɓa ƙofarka, da saura. Da zarar ya kunna, je ka kira mai ɗaukar kaya.

Aikinsa kuwa aiki ne, wannan ko wanda ba ya ga maciji da shi ba ya musu. Ƙofar da ya haɗa, gini zai iya zubewa ya bar ta a tsaye. Shi ya sa ya yarda da ƙarfe irin yardar da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. In ka kawo masa zancen kujerar katako sai ya dube ka da tausayi. A gidansa gado na ƙarfe ne, teburin cin abinci na ƙarfe, har abin rataye tawul bai tsira ba. Matarsa, wadda ke koyar da 'yan aji uku a firamare, shi ya sa kowa har shi kansa yake ce mata Malama, takan ce ranar da za su tashi daga gidan nan sai an yi hayar motar ɗaga kaya.

Malama ta yi yaƙi da tabar nan tun suna sabon aure. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta ɓoye kwali a cikin tukunya. Akwai lokacin da ta yanko hoton baƙin huhu daga jarida ta manna a ƙofar banɗaki, ya tsaya ya ƙare masa kallo ya ce wanda ya ɗauki hoton bai iya saita kyamara ba. Daga ƙarshe suka yi sulhu irin na mutanen da suka gaji da juna a kan magana ɗaya: shi ba ya sha a cikin ɗaki, ita kuma ba ta tanka masa sai in ya yi tari.

Abin ya faru ne da hantsi, a gidan wani da ya ba su aiki, suna kafa ƙarafan da za a ɗora tankin ruwa. Shi ne da ƙanensa, wanda suke shagon tare, mutum mai sanyin hali da furfura ta fara yi wa sallama amma har gobe "yaron nan" Tartsatsi ke ce masa. Tartsatsi ya hau can sama, ya gama haɗin ƙarshe, ya tura gilashi goshi, ya zaro kara ya sunkuya zai kunna. Hannu ɗaya na riƙe da kara, ɗaya na kare iska. Ka ga ke nan babu hannun da ya rage na riƙe kai. Ƙanen ya ce ƙarar faɗuwar ba ta dame shi ba kamar ƙarar da ƙwaurin ya yi.

A cikin motar da ta kai su asibiti, zufa na keto masa, abin da ya fara tambaya shi ne, "Kai, aikin ya tsaya?"

"Ya tsaya, Yaya. Ko motsi bai yi ba."

"To alhamdu lillahi," in ji shi, sannan ya suma.

Likitar ƙashin wata siririyar mace ce mai farin gilashi, wadda ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba. Da ya gan ta sai ya raɗa wa ƙanensa cewa ya je ya tambayo ko babanta na nan. Ita ta yi masa tiyata. Da ya farfaɗo ya dawo hayyacinsa, ta zo gefen gado ta ɗaga hoton ƙafar a fitila, nan take Tartsatsi ya manta da zafin da yake ji. Ga ƙashinsa a karye, ga wani siririn ƙarfe kwance a jikinsa, an ɗaure shi da ƙusoshi masu zare, a jere, tsakaninsu daidai wa daida.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Da hannunki?"

"Da hannuna, da injin huda."

"Wane irin ƙarfe ne?"

"Wanda ba ya tsatsa."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya dubi ƙanensa. "Ka gani ko? Dubi layi. Ashe 'yar sana'a ce." A bakin Tartsatsi babu yabon da ya fi wannan.

Likita ta yi murmushi, ta ajiye hoton, ta ce, "Baba, kana shan taba?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Kwali da rabi," in ji Malama daga kan kujera, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sai likita ta jawo kujera ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce ƙashi abu ne mai rai, jini ne ke kai masa abinci da iska, da su yake gina sabon ƙashi a wurin da ya karye. Taba tana matse ƙananan jijiyoyin da jinin ke bi, hayaƙin kuma yana rage iskar da jinin ke ɗauka. Ga shi ƙwauri dama wuri ne mai ƙarancin nama, jininsa ba yawa. Ta ce masu shan taba sun fi daɗewa ba su warke ba, ɗinkinsu ya fi saurin ruɓewa, wasu ma ƙashin ba ya kamawa sam. Ta roƙe shi ya bari, ko don ƙafar nan, ta ce akwai taimakon da za a iya ba shi.

Tartsatsi yana ta cewa "ƙwarai, ƙwarai," amma idonsa na kan hoton. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu ba ta taɓa komai ba. Shi dai abu ɗaya ya gani: an sa ƙarfe. Wannan zancen jini da jijiya, a ganinsa, na waɗanda aka naɗe wa ƙafa da filasta ne kawai, bayin Allah da ba su da abin dogaro sai ƙashinsu. Shi kuwa nasa an gama. Kuma in maganar hayaƙi ce, ai shi ya fi kowa sani, ya yi shekaru yana busa wa ƙarfe hayaƙi bai taɓa ganin wanda ya yi tari ba.

Da aka sallame shi ya koma gida, aka ajiye masa kujera a ƙofar baya, ya ɗora ƙafar a kan bokitin da aka kife. Kwana bai yi nisa ba Malama ta dawo daga makaranta ta tarar ashanar kicin ta yi ƙafa. Ta bi wari har inda yake.

"Maigida, ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

"Na ji."

"To wannan fa mene ne a hannunka, alkalami?"

"Malama, ke alli kika sani, ni na san ƙarfe. Abin da yarinyar nan ta sa mini, ko mota ce ta hau ba zai ce uffan ba."

"Ƙashin fa?"

"Ƙashi ya huta. An ɗauke masa aiki."

Abin da ya fi ci masa rai a wannan zaman ma ba ƙafar ba ce, kunna taba da ashana ne kamar kowa.

Kullum da yamma Dogo mai faci, wanda rumfarsa ke manne da shagon Tartsatsi, yakan zo dubiya. Abokai ne tun kafin kowannensu ya yi aure, kuma duk tsawon abotar nan da wuya in sun taɓa yin hira babu hayaƙi a tsakaninsu. Wasu masu dubiya na kawo lemo da ayaba, Dogo kwali yake kawowa, a cikin hula, don kada Malama ta gani. Ba mugunta ba ce, shi iyakar abin da ya san abokinsa na so ke nan. Su zauna su yi ta zagin masu kawo aiki, wannan ya ce masu mota ba su da godiya, wancan ya ce ai gara su da masu gini.

An ce masa kada ya ɗora wa ƙafar nauyi sai an ba shi izini. Tartsatsi ya ba kansa izinin. Tun yana zuwa shago da sanda biyu yana zama a kujera, ya koma sanda ɗaya, daga baya ita ma ɗayar ta zama abin nuna wa ƙanensa inda bai cika walda ba. Da ya koma asibiti aka sake hoto, likita ta daɗe tana kallo, ta nuna masa wani baƙin layi a tsakiyar ƙashin.

"Baba, ya kamata a ce yanzu wurin nan ya fara cikewa. Ba na ganin komai. Ka bar tabar?"

"Ana ƙoƙari. Amma dubi nan, likita, ƙusa ko ɗaya ba ta motsa ba. Allah ya yi wa hannunki albarka."

Ranar da aka ce ya sake komawa, wani ya kawo aikin ƙofar gareji, bai je ba.

Daga nan ƙafar ta fara magana. Da yamma ta kumbura, in ya taka ya ji wani zugi can ciki. Ya ce sanyi ne. Malama ta ce ita fa tana ganin ƙafar kamar ta ɗan karkace, ya ce idonta ne ke son gilashi. Rannan da safe zai sauka daga dakalin shago, bai ɗauki komai ba, bai yi tuntuɓe ba, ya dai sa ƙafa kawai, sai ya ji wani ɗan sauti, ƙas. Ba mai ƙarfi ba ne, ƙanensa da ke kusa ma bai ji ba. Amma Tartsatsi ya san sautin nan, ya sha jin sa a jikin tsofaffin ƙofofi. Ya zauna a kan dakalin, ya ce, "Yaron nan, nemo mota."

Wannan karon da likita ta ɗaga hoton, babu wanda ya yi zancen layi. Ƙarfen ya rabu biyu, daidai saitin karayar, ƙashin kuma yana nan yadda yake tun ranar farko, bakinsa biyu suna kallon juna. Tartsatsi ya buɗe baki zai ce an sa masa jabun ƙarfe, sai ya ƙara matsowa ya duba. Duk rigimarsa, ba ya yi wa ƙarfe ƙazafi.

"Wannan ba laifinsa ba ne," in ji shi a hankali. "Gajiya ya yi."

"Me ke gajiyar da ƙarfe, Baba?"

"Lanƙwasa. In ka kama waya ka yi ta kai ta gaba kana dawo da ita, komai kyanta sai ta tsinke."

"To haka ka yi ta yi masa, duk taku ɗaya lanƙwasa ɗaya. Bari in tambaye ka, in za ka haɗa ƙarfe biyu, me kake fara yi?"

"In jera su, in matse su su tsaya daidai."

"Sai ka miƙa wa mai aiki ya tafi da su haka a matse?"

"Haba likita! Wane mahaukaci ne zai ba da aiki bai yi wal..."

Bai ƙarasa ba. Malama ta juya fuska wajen taga.

"Ni matsewa kawai na yi, Baba," in ji likita, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Waldar kuwa, jikinka ne zai yi ta. Ƙarfen nan riƙo aka ba shi kafin ƙashi ya kama, ba a yi shi don ya ɗauke ka har abada ba. Jikin naka ya so ya yi aikin, kai kuma kullum kana ɗauke masa wuta."

Sai ta gaya masa abin da ya rage, ba ta rufe komai ba. Za a sake buɗe ƙafar, a cire karyayyen ƙarfe, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbin, a sa sabo. Amma ba za ta taɓa shi ba sai ya bar taba na wasu makonni tukuna, kuma ba bakinsa za ta tambaya ba, gwaji za a yi. In aka yi na biyu bai kama ba, ta ce, aikin tsaye sai dai ya ba jikoki labari. In kuwa ƙwayar cuta ta samu shiga, to maganar ta wuce ta tsayuwa, ta koma ta ko za a bar masa ƙafar.

Tartsatsi ya ji tsoro. Bai ji shi a saman ƙarafan tanki ba, bai ji shi ranar tiyatar farko ba, amma a ɗan ofishin nan mai warin magani ya ji shi. Kuma tare da tsoron akwai kunya, wadda ta fi ciwo. Shi da ke korar ƙanensa da faɗa in ya bar haɗi rabi da rabi, shi ne ya yi watanni yana yawo a kan aikin da ba a gama ba, yana yabon matsi.

A ƙofar asibiti ya zaro kwalin da ke aljihunsa ya miƙa wa Malama. Ta karɓa, ta jefa a jaka, ba ta ce ai na gaya maka ba. Shi kansa ya san tana bin sa bashin wannan maganar, kuma da ta faɗa da ya fi samun sauƙi.

Makonnin da suka biyo baya, mutanen gidan har yau in sun tuna sai su yi dariya, amma a lokacin babu mai dariya. An naɗe ƙafar, an hana shi taka ta, an ba shi maganin rage kwaɗayi, an ce ya nemi abin da zai sa a baki. Ya cinye tsinken sakace na gidan kaf. Ya koma cingam har muƙamuƙinsa ya yi ciwo, ya koma gyaɗa, ya koma karas yana gurgura kamar zomo. Ya yi faɗa da rediyo. Ya yi faɗa da kyanwar maƙwabta saboda yadda ta kalle shi. Ya ce shayi ya yi zafi, aka fifita, ya ce wa ya ce a ba shi ruwan sanyi. Hannunsa na dama ya riƙa tafiya aljihu shi kaɗai yana dawowa wayam, sai ya bi hannun da harara. Malama, wadda ta saba da yara arba'in a aji ɗaya, ta ce duk cikinsu babu mai ba ta wahalar wannan.

Wata yamma abin ya kai masa iya wuya. Dogo ya zo, ya zauna, hularsa a kai. Tartsatsi ya leƙa ya ga Malama na can ciki, ya rage murya.

"Dogo, kara ɗaya. Rabi ma ya isa."

"Ban zo da ita ba."

"Ƙarya kake, ina jin warinta a rigarka."

"A kwana na tsaya na sha, na kurkure baki, sannan na ƙaraso. Ka ga yadda ka mayar da ni, da girmana ina laɓewa a bayan bango kamar ɗan makaranta."

"Abotar ke nan?"

"Ita ke nan. Ni na riƙa kawo maka a hula, kana tsammani barci nake yi mai daɗi tun ranar da aka ce ƙarfen ya karye? Ka zage ni in ka ga dama, amma ba da hannuna ba."

Tartsatsi ya zage shi kuwa, zagi mai kyau, har da kakannin masu faci. Dogo ya saurara har ya gama, sannan ya jawo kwanon gyaɗa tsakaninsu. Suka kama cin gyaɗar, don ba su san yadda ake hira babu hayaƙi ba. Can Dogo ya fara ba da labarin wani direba da ya kawo taya mai faci goma sha yana cewa sabuwa ce, Tartsatsi ya ce ƙarya ne, suka kama musu, har aka kira su cin abinci ba su gama ba.

Gwaji ya fito da kyau, aka yi tiyata ta biyu. Ya farka da ciwo biyu, na ƙafa da na ƙugu, kuma na ƙugun ya fi sa shi ambaton Allah. Da likita ta kawo hoto, ya kalli sabon ƙarfen sau ɗaya ya kau da kai, ya ce ta nuna masa ƙashin. Wannan karon da aka ce kada ya taka, bai taka ba. Ƙanensa ya riƙe shago, yana zuwa da yamma da hotunan aiki a waya, Tartsatsi na duba su yana neman aibi yana rasawa, abin na ba shi haushi yana kuma yi masa daɗi. Tarin safe ya ragu. Ya fara jin ƙamshin abinci tun daga ƙofar baya, har ya tambayi Malama ko ta canza hannu ne, ta ce hannun nan dai shi ne na tuntuni, hancin ne sabo.

Jiran ne ya fi komai wuya. Walda kana yi kana gani, wannan kuwa aiki ne da ake yi a cikin duhu, ba ka jin ƙara, ba ka ganin wuta, sai dai a ce ka dawo wata mai zuwa. Hoto na farko, likita ta ce da alama. Na biyu, ta ce ana tafiya. Shi dai bai ga komai ba sai hazo-hazo.

Watanni suka shuɗe kafin ranar da ta ɗaga hoto ta yi murmushi tun ba ta yi magana ba. Baƙin layin ya ɓace. A wurinsa akwai wani dunƙule fari, ya kumburo ta gefe, ba fasali.

"Wannan ƙullutun fa?"

"Shi ne sabon ƙashin, Baba. Ya kama."

Ya daɗe yana kallo. "Kai, wannan walda ba ta da kyan gani. Da a shagona ne sai an bi ta da injin gurza."

"Bar ta haka. Jikinka zai gyara abinsa a hankali. Yanzu ajiye sandunan, ka taka mu gani."

Suka fito barandar asibitin, doguwa, an goge ta tana sheƙi. Ƙanensa ya karɓi sandunan. Tartsatsi ya tsaya da ƙafa ɗaya, hannunsa a bango, ɗayar ƙafar na taɓa ƙasa da yatsu kawai. Mutumin da ya yi ta yawo a kan karaya ba ko ɗar, yau da aka ce masa ya warke ya kasa sauke diddige. Ya san abin da ke ciki yanzu, ya san kuma ba ƙarfe ne zai ɗauke shi ba.

"Yaya, taka mana."

"Kai, rufe mini baki. Ina zuwa."

Malama ta dube shi, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce, "Ni dai na gaji da tsayuwa. In za ka zo, ka zo." Ta juya ta kama tafiya, ba ta waiwaya ba, har ta kai ƙarshen barandar ta tsaya tana fuskantar ƙofa.

Ya sauke diddigen. Ya saurara, irin sauraron da yake yi wa sabuwar ƙofa ranar da aka rataye ta. Babu sauti. Ya saki bango, ya ɗaga ɗaya ƙafar, nauyinsa duka ya hau kan ƙashin, ƙashin ya riƙe. Ya tafi yana ɗingishi, zufa na zuba, wata nas ta matsa masa hanya da keken magani. Da ya isa inda Malama take sai ya ga dalilin da ya hana ta waiwayowa, fuskarta duk ta jiƙe.

Ya tsaya kusa da ita yana haki. 

"Malama," ya ce, "kin san har yanzu ina son in sha?"

"Na sani."

"Kullum fa. Ko yanzu haka."

"Na sani, Maigida." Ta share ido da bayan hannu, ta tura ƙofar ta riƙe masa. "Taka mu je gida."